Me ake nufi da "sankara marar alaƙa da HPV"?

Tun da allurar riga-kafin HPV ta iso Kaduna a 2024, ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, jama'a sun fahimci cewa wannan ƙwayar cuta, wato HPV, ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Haka ne a mafi yawan lokuta. Nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Amma akwai 'yan tsiraru da babu ruwansu da ita. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa cutar gida biyu: mai alaƙa da HPV da marar alaƙa.

Ido ba ya bambance su. Sai likita ya yanko ɗan nama daga wurin, a kai ɗakin gwaji irin na asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Can za a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri kamar ɓawon albasa, a rina, a duba da madubin likita. Akwai kuma rini na musamman da ke neman wani sinadari mai suna p16. Mai alaƙa da HPV takan kama rinin sosai, ko'ina. Ɗayar yawanci ba ta kamawa haka.

Wadda aka fi gani a rukunin marar alaƙa da HPV ita ce mai kama da tumbi, domin ƙwayoyinta masu majina ne, sun yi kama da na bangon tumbin mutum. Masu bincike sukan tarar da lahani a ƙwayoyin gadonta, musamman TP53 da STK11. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda take ɓuya. Can cikin wuyan mahaifa take tsirowa, gwajin HPV ba ya nuna ta, allurar riga-kafin ba ta hana ta, ga saurin bazuwa zuwa ƙwan mace da cikin ciki, kuma ba ta cika jin magani ko gashin na'ura kamar sauran ba.

Alamarta sau da yawa ruwa ne mai yawa da ke fita ta gaba, tsararo ko mai yauƙi, da ya ƙi tsayawa. Mata kan ce sanyi ne, a yi ta shan magani wata da watanni. 'Yar'uwa, in haka ta same ki, ko kina ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, ki je wurin likitan mata ko da gwajinki na HPV ya fito lafiya. In an yanki nama, ki koma ki karɓi sakamakon, ki tambaya wane nau'i ne.