Littattafan Labarin Yaƙi da Ta'addanci na Marubuta Kirista

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labarai da ya fi ƙarfi a Amurka, inda ake haɗa labarin leƙen asiri da farautar 'yan ta'adda da kuma wa'azin Kirista a cikin littafi guda. Kusan duk da Turanci ake rubuta su, kuma yawancin marubutan daga ɓangaren 'yan bishara suke, wato Kiristocin nan da suka ɗauki yaɗa addini da karanta annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki da muhimmanci sosai. Gabas ta Tsakiya ita ce filin dagar da suka fi so, don haka Saudiyya da Iran da Iraƙi da Isra'ila ba sa ɓacewa a shafukansu, shi ya sa ma Bahaushen Makka ko Jidda da ya iya Turanci in ya ɗauki ɗaya zai ga ana ta ambaton ƙasar da yake zaune ciki amma da wani ido daban.

Asali

Jijiya biyu ce ta haɗu ta haifar da su. Ta farko ita ce labarin leƙen asiri na gama-gari wanda ba ruwansa da coci. Tun 1916 wani marubucin Birtaniya John Buchan ya fitar da Greenmantle, labarin yadda Jamus ke ƙoƙarin tayar da Musulmi su yi wa Ingila jihadi lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma tsoron nan na wai wani mai da'awa zai taso daga gabas ya haɗa kan Musulmi bai rabu da abin da Turawa suka gani a Sudan ba, inda mayaƙan Mahadi suka ci Khartum suka kashe Janar Gordon a 1885. Daga baya Thomas Harris ya rubuta Black Sunday a 1975 kan shirin kai hari filin ƙwallo a Amurka, sai Tom Clancy da ya mayar da sana'ar ta zama ta bayanin makamai da jirage da ofisoshin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA dalla-dalla, har a Debt of Honor na 1994 ya sa wani matuƙi ya afka wa majalisar dokokin Amurka da jirgin fasinja.

Jijiya ta biyu ta fi tsawo kuma ita ce ta ba su ɗanɗanon da ya bambanta su. A ƙarni na 19 wani mai wa'azi John Nelson Darby ya yaɗa wata fahimta da ke cewa tarihi kashi-kashi ne, kuma kafin ƙarshen zamani za a fyauce masu bi zuwa sama a bar sauran mutane cikin tsanani na shekara bakwai ƙarƙashin maƙiyin Almasihu, sannan Yesu ya dawo. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield da ya fito a 1909 shi ya kai wannan fahimta cikin gidajen Amurkawa. Da aka kafa Isra'ila a 1948, sannan ta kama gabashin Ƙudus a yaƙin 1967, sai masu wannan ra'ayi suka ce ai ga alamomin nan sun fara cika, Hal Lindsey ya tattara maganar a The Late Great Planet Earth a 1970 ya yi kasuwa ba kaɗan ba, kuma a lokacin Rasha ce babbar abokiyar gaba a lissafinsu ba Musulmi ba. Frank Peretti da This Present Darkness na 1986 ya nuna cewa labari mai tayar da hankali zai iya sayuwa a shagunan littattafan coci, sai kuma Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka zo da jerin Left Behind daga 1995 zuwa 2007, littafi 16, wanda aka sayar da sama da kwafi miliyan 60. Su waɗannan ba labarin ta'addanci ba ne kai tsaye, amma su suka tara masu karatun, kamfanin Tyndale da ya buga su shi ne kuma daga baya ya zama gidan da yawa daga cikin marubutan da ake magana a kansu a nan.

Bayan harin 11 ga Satumba

Harin 2001 shi ya ɗaura wa jijiyoyin biyu aure. Tarayyar Sobiyet ta riga ta rushe tun 1991, ana neman sabon mugu a labari, kuma 15 daga cikin maharan 19 'yan Saudiyya ne, to ka ga inda alƙalami zai karkata.

Sunan da ya fi fitowa shi ne Joel C. Rosenberg, an haife shi a 1967, mahaifinsa Bayahude ne amma shi Kirista ne, ya taɓa aikin ba 'yan siyasa shawara a Amurka da Isra'ila kafin ya koma rubutu. Littafinsa na farko The Last Jihad ya fito a ƙarshen 2002, ya buɗe da jirgin da aka yi ƙunar baƙin wake da shi kan ayarin shugaban Amurka a birnin Denver, daga nan labarin ya gangara zuwa yaƙi da Saddam Husaini kan makaman ƙare dangi. Shi marubucin ya ce ya fara rubuta babin jirgin wata tara kafin harin Satumba, kuma littafin ya riga mamayar Iraƙi ta Maris 2003 fitowa, na biyu The Last Days na 2003 ya fara da mutuwar Yasir Arafat wanda ya rasu a Nuwamba 2004, wannan ne ya sa masoyansa suka riƙa yi masa kallon mai hangen gaba. Gaskiya duk mai bin labarai a shekarun nan ya san maganar Iraƙi tana bakin kowa, Arafat kuma ya tsufa, amma dai tallan ya yi aiki.

Na uku a jerin, The Ezekiel Option na 2005, shi ya fi nuna yadda abin yake aiki. An gina shi kan sura 38 da 39 na littafin Ezekiyel da ke cikin Littafi Mai Tsarki, inda aka yi maganar Gog na ƙasar Magog zai jagoranci taron al'ummai, ciki har da Farisa da Kush da Fut, su auka wa Isra'ila Allah ya hallaka su. A labarin, Rasha ce Magog, Farisa ita ce Iran, masu wannan fassara kuma suna ɗaukar Kush a matsayin Sudan da Habasha, Fut kuma Libiya. A aya ta 13 an ambaci Sheba da Dedan suna tambayar maharan ko ganima suka zo kwasa, Dedan dai tsohon gari ne da kufansa ke Al-Ula a arewa maso yammacin Saudiyya, don haka suka ce Saudiyya da ƙasashen Khalij ba za su shiga harin ba, gefe za su tsaya. Musulmi zai ji sunayen ya tuna Yajuju da Majuju na Suratul Kahfi da Anbiya, sai dai a nan an ba su tuta da shugaban ƙasa da jiragen yaƙi.

A 2010 ya fara wani jerin da The Twelfth Imam, inda jami'in CIA ɗan asalin Iran David Shirazi ke farautar shirin nukiliyar Tehran daidai lokacin da wani ya bayyana yana cewa shi ne Imami na goma sha biyu da 'yan Shi'a ke jira, kuma a cikin labarin an sa shi a ɓangaren sharri, wani masanin nukiliya ɗan Iran kuma ya ga Yesu a wahayi ya bar Musulunci. A 2015 The Third Target ya koma kan ISIS da barazana ga Jodan.

Sauran marubuta

Oliver North, tsohon hafsan rundunar Marines ta Amurka da ya yi suna a badaƙalar Iran-Contra ta sayar wa Iran makamai a asirce a shekarun 1980, ya fitar da Mission Compromised a 2002 tare da Joe Musser, jaruminsu Peter Newman, na uku a jerin The Assassins na 2005 ya fara ne da harin masu iƙirarin jihadi kan wuraren man Saudiyya da gidan sarauta. Ted Dekker yana da Blink, wajen 2002 zuwa 2003, labarin wata gimbiyar Saudiyya mai suna Miriam da ta gudu Amurka don tsere wa auren dole da ke ɗaure da shirin juyin mulki, an sake fitar da shi da gyara a 2007 da sunan Blink of an Eye. Jason Elam, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Denver Broncos, shi da Steve Yohn sun rubuta Monday Night Jihad. Akwai kuma mata irin su Dee Henderson da Ronie Kendig waɗanda nasu ya fi karkata ga sojoji na musamman da soyayya mai kunya.

Yadda labarin ke tafiya

Babi gajeru ne, ana tsalle daga Washington zuwa Tehran zuwa Ƙudus, kullum akwai agogon da ke ƙirgawa kafin bam ya tashi. Babu ashar babu batsa, wannan ƙa'idar kamfanonin ce, amma jini kam ana zubarwa. Jarumi yakan fara da raunin imani ko ma ba shi da shi, sai wahala ta kai shi ga addu'a, wani lokaci labarin ya tsaya cak a yi shafi biyu ana bayanin hanyar ceto kamar yadda wasu marubutanmu na Kano ke tsayar da soyayya su yi nasiha. Musulmin kirki yana nan a ciki, sau da yawa ko dai mai taimaka wa Amurka ne ko kuma wanda zai karɓi Kiristanci kafin a rufe littafi.

Suka

Masu suka, ciki har da malaman Kirista da ba su yarda da fassarar Darby ba irin na Katolika da Otodoks da Kiristocin Larabawa, suna cewa littattafan na cusa tsoron Musulunci kuma suna sa yaƙi ya zama kamar ƙaddarar da ba a kauce mata. Marubutan sun ce su da masu tsattsauran ra'ayi suke ba da Musulmi duka ba.

Alaƙa da Saudiyya

Abin da labaran ba su cika tsayawa a kai ba shi ne ƙasar ita ma ta sha nata, daga mamayar Harami da Juhaiman al-Utaibi ya yi a Nuwamba 1979 yana cewa surukinsa ne Mahadi, wanda dattawanmu na Makka har yau suna ba da labari, zuwa harin Khobar na 1996 da bama-baman unguwannin baƙi a Riyad a Mayu 2003.

Rosenberg ya koma Isra'ila da zama a 2014. A ranar 1 ga Nuwamba 2018, wata guda bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi, ya jagoranci tawagar shugabannin 'yan bishara suka gana da Yarima Muhammad bin Salman, suka sake haɗuwa a Jidda a Satumba 2019, kafin nan ya gana da Sarki Abdullah na Jodan da Shugaba Sisi na Masar. Ya ba da labarin waɗannan ganawa a Enemies and Allies na 2021, wanda ba ƙagagge ba ne, kuma a cewarsa sun tayar da maganar gina coci a ƙasar aka ce musu ba yanzu ba.

Masu karanta waɗannan littattafan a nan Saudiyya kaɗan ne.