Zuciya ko Aiki: Asalin Wata Tsohuwar Muhawara a Ikilisiya

Kusan shekara 700 kafin haihuwar Yesu, annabi Ishaya ya koka cewa jama'arsa da baki kawai suke girmama Allah, zuciyarsu kuwa tana can nesa (Ishaya 29:13). Wannan ayar Yesu ya ɗauko ya mayar wa Farisiyawa, wata ƙungiyar malaman addinin Yahudawa, sa'ad da suka zargi almajiransa da cin abinci ba tare da wanke hannu bisa al'ada ba (Markus 7). Ya kuma ce suna fitar da zakkar ganyen ƙamshi, sun bar adalci da jinƙai da aminci. Sai dai bai ce a daina zakkar ba, cewa ya yi a haɗa duka biyun. Shi ne kuma ya ce mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa (Yahaya 14:15). Saboda haka a muhawarar wanne ne kan gaba a wurin Allah, zuciya ko aiki, kowane ɓangare yana da ayar da zai riƙe.

Rigimar ta yi zafi a farkon ƙarni na 5. Pelagius, wani malami mai gudun duniya daga Birtaniya, ya ga yadda Kiristocin Rum suka yi sakaci, ya ce tunda Allah ya ba da umarni, to mutum yana da ikon cikawa, babu uzuri. Augustine, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce a'a: doka tana nuna wa mutum hanya, amma ba ta sa masa son binta, sai alherin Allah ya fara sāke zuciya. A 418 majalisar bishop-bishop a Carthage ta yi watsi da koyarwar Pelagius.

A takarda Augustine ya yi nasara, amma a aikace abin da ido ke gani ya fi sauƙin kulawa. Shugaba zai iya ƙirga masu zuwa sujada da masu azumi, ƙauna kuwa ba ta shiga rajista. A 1215 babban taron Lateran na huɗu ya wajabta wa kowane baligi furta zunubansa ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara. Da aka kai ga sayar da takardun sassaucin horon zunubi, Martin Luther, wani malamin addini Bajamushe, ya fito da batutuwansa 95 na sukar hakan a Wittenberg a 1517. Hujjarsa daga baya ita ce itace mai kyau shi ke ba da 'ya'ya masu kyau, ba 'ya'yan ke gyara itacen ba. Taron bishop-bishop na Katolika a Trent ya amsa a 1547 cewa bangaskiya mai rai ita ce wadda ke aiki ta wurin ƙauna. Sai a 1999, a Augsburg, Katolika da Lutheran, wato mabiyan Luther, suka sa hannu kan matsaya ɗaya game da ginshiƙin batun.

Su ma Furotesta, wato Kiristocin da suka rabu da Katolika, ba su tsira daga wannan matsala ba. A Landan, ranar 24 ga Mayu 1738, John Wesley, fasto mai tsananin horon kai, ya ji zuciyarsa ta ɗumama yayin da ake karanta bayanin Luther kan wasiƙar Romawa. Bayan 'yan shekaru, shi da kansa ya kasa mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kusan mutum 12 a kowace, suna haɗuwa mako-mako ana tambayar kowa halin ransa. Duk wata uku ana sabunta katin zama memba, wanda ya yi ta fashin zuwa taro kuma ba a ba shi sabo.