Kuɗin sulhun haƙƙin ruwa na ƙabilun asali na Amurka ba kyauta ba ne

Ana ta yawo da wata magana wai gwamnatin Amurka tana raba wa ƙabilun asalin ƙasar, wato waɗanda Turawa suka tarar a can, biliyoyin daloli kyauta da sunan ruwa, wasu har da ƙarin gishiri wai za a ƙwace ruwan manoma a ba su. Kuɗin kam akwai su, dokar manyan ayyuka da Biden ya sa wa hannu a 2021 ta ware dala biliyan 2.5 domin wannan harka. Amma batun kyauta da batun ƙwace duk ba haka suke ba.

Zancen ya samo asali tun 1908, a shari'ar Winters kan kogin Milk a jihar Montana. Manoman da suka zauna ta saman kogin suka tare ruwa, 'yan ƙabilun da ke filin da aka keɓe musu na Fort Belknap ta ƙasan kogin suka rasa na noma. Kotun ƙoli ta ce ranar da gwamnati ta keɓe wa ƙabila fili, to ta keɓe har da ruwan da za su rayu da shi, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. A yammacin Amurka kuwa wanda ya riga samun haƙƙin ruwa shi ne a gaban layi, kuma yawancin filayen nan tun ƙarni na 19 aka keɓe su, kenan ƙabilun sun riga birane da gonaki masu yawa. Sai dai haƙƙin a takarda yake, alƙali zai faɗi yawan ruwanka amma ba zai shimfiɗa maka bututu ba, ga shari'ar ba ta ƙarewa, akwai wadda aka shigar a New Mexico a 1966 sai 2010 majalisar dokokin Amurka ta amince da sulhunta.

Shi ya sa ake zama a sasanta, ƙabila da jiha da manoma da gwamnatin tarayya, sannan majalisa ta mayar da abin doka. Daga 1978 zuwa yau an yi sama da 30. Kusan kowane sulhu da tasa dokar, kuma ba ɗaiɗaikun mutane ake biya ba.

To ga wurin da mutane ke ruɗewa. Kafin a ba da ko sisi, sai ƙabilar ta sa hannu ta yafe ƙarar da za ta iya kai wa maƙwabtanta, ta yafe wadda za ta kai ita kanta gwamnatin tarayya kan sakacin da ta yi da ruwansu shekara da shekaru, galibi kuma ta yarda da ruwan da bai kai wanda take nema ba. Yafewar nan ta har abada ce. Manomi ya samu kwanciyar hankali ba wanda zai zo gobe ya ce ya rufe magudanarsa, ita kuma ƙabilar a gina mata dam ko bututu ko a gyara hanyoyin ban ruwa. Wannan ai ciniki ne. A sulhun ƙabilun Salish da Kootenai na 2020, dala biliyan 1.9, kaso mai tsoka na gyaran magudanan noman rani na yankinsu na Flathead ne, waɗanda yawancin masu noma da su ma ba 'yan ƙabilar ba ne.

Abu na biyu, majalisa ta amince da kuɗi daban, ta saki kuɗin daban, mu da muka saba ganin aiki a kasafin kuɗi ba a ga tubali ko ɗaya a ƙasa ba mun san wannan. A 1962 doka ɗaya ta amince da aiki biyu, noman rani na ƙabilar Navajo mai eka dubu 110 da 'yan kai, da aikin San Juan-Chama da ke karkatar da ruwa zuwa su birnin Albuquerque. Na biyun an gama shi tun farkon shekarun 1970, na Navajo har yau da saura. Kowa ya yi wa kansa alƙalanci, ni dai ban ga adalci a nan ba. Sababbin dokokin suna sa wa'adi, yafewar ba ta fara aiki sai an cika sharuɗɗa, in wa'adin ya wuce ba a cika ba sulhun na iya rushewa. Amma akwai wani salon da ya fara yawa, maimakon gwamnati ta gina aikin sai ta zuba kuɗi a asusu ta ce ƙabilar ta gina da kanta, in siminti da ƙarfe suka yi tsada kuɗin suka gaza, ita za ta ji a jikinta. Kuma kuɗi na gazawa ko a aikin da gwamnati ke ginawa da kanta, bututun Navajo-Gallup mai kusan mil 300 da aka amince da shi a 2009 kan dala miliyan 870 yanzu ana maganar sama da biliyan 2, an ɗage kammalawa zuwa 2029.

Kafin nan kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar Navajo ba famfo, mutum zai loda durom a bayan a-kori-kura ya yi tafiya mai nisa ya bi layi ya ɗebo, da shi za a sha a yi girki a shayar da tumaki. Da ƙararsu ta kai kotun ƙoli a 2023 suna neman a tilasta wa gwamnati ta auna buƙatarsu ta tsara yadda za a samo ruwan, alƙalai 5 cikin 9 suka ce yarjejeniyar 1868 da ta keɓe musu fili ba ta ɗora wa gwamnati wannan nauyin ba, sai dai su koma majalisa.