BMI: Ma'aunin Nauyin da Ake Karanta Rabinsa

BMI lissafi ne da ma'aikatan lafiya ke yi don su ga ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa. Ana auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sai a raba nauyin mutum na kilo da abin da ya fito. A ɗauki mace mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 60. Idan aka ninka 1.65 sau 1.65 za a sami 2.72, a raba 60 da shi, amsa ta fito 22. To, BMI ɗinta ke nan.

A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum yana daidai idan lambarsa ta faɗa tsakanin 18.5 da 24.9. Daga 25 nauyi ya fara zarcewa, daga 30 kuma ƙiba ce da ke jawo ciwon suga da hawan jini. Ƙasa da 18.5 rama ce, ƙasa da 16 tsananin rama. Ba a auna yara da masu juna biyu da wannan jadawali.

Abin da ke damuna shi ne, jama'a sun haddace 25 sun manta da 18.5. Ita wannan mata da muka yi misali da ita, tun daga wajen kilo 50 har kusan 68 duk tana cikin iyaka. Fili ne mai faɗin kilo 17, kuma wadda ke kusa da 50 ba ta fi mai 65 lafiya ba don kawai sikeli ya nuna ƙaramar lamba. Amma sai ka ga yarinya ta mayar da lissafin gasa, kullum burinta lambar ta ƙara sauka.

Wanda ya ƙirƙiro lissafin ma ba likita ba ne. Adolphe Quetelet masanin lissafi da taurari ne ɗan Beljiyam, wanda a shekarun 1830 yake neman siffar matsakaicin mutum a cikin Turawa. Sai a 1972 masanin Amurka Ancel Keys ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. An yi shi ne don nazarin taron jama'a, shi ya sa yake tuntuɓe a kan mutum ɗaya. Bai san bambancin tsoka da kitse ba, ɗan wasa mai murɗaɗɗen jiki sai ya fito a sahun masu ƙiba. Bai kuma san inda kitsen ya taru ba, alhali na tumbi ya fi haɗari. Don haka likitoci ke haɗawa da awon ƙugu: kada ya kai rabin tsawon mutum.

Babban makantarsa dai ita ce bai ganin hanyar da aka bi aka iso lambar. Shi Keys ɗin nan, tsakanin 1944 da 1945 a Jami'ar Minnesota, ya rage wa maza 36 lafiyayyu kusan rabin abincinsu na tsawon wata 6, har suka zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu. Sanyi ya riƙa damunsu har a lokacin zafi. Suka zama masu saurin fushi da ƙunci, ba su da zance sai na abinci, wasu na tara littattafan girki, wasu na lashe faranti bayan sun gama ci. Da aka sake musu abinci, da yawa suka kasa tsayawa. Yunwa ce ta yi wa lafiyayyun ƙwaƙwale haka, kuma haka take yi wa duk mai horar da kansa da ita. Rama ta gaggawa tana zubar da gashi, ta ɗauke jinin al'ada, ta rarake ƙashi, ta tara tsakuwa a matsarmama, ta kuma rikita sinadaran jini har zuciya ta iya tsayawa.

Akwai cutar ƙin cin abinci saboda tsoron ƙiba, wadda likitoci ke kira anoreksiya. Mai ita tana duba madubi ta ga ƙiba inda kowa ke ganin ƙashi. Kuma tana kama maza. Wadda ta faro daga kilo 95 ta faɗo 62 cikin 'yan watanni ta hanyar yunwa, BMI zai ce lafiya lau, mutane kuma su yi ta cewa, "Kai, kin yi kyau! Me kike sha ne?" Alhali jikinta na cikin haɗarin da ramammiyar ke ciki, yabon kuma ƙara tura ta yake yi.

Wasu hukumomi sun gane inda hoton jiki ke kai matasa. A 2006 masu shirya bikin nunin tufafi na Madrid suka hana mata masu BMI ƙasa da 18 hawa dandali. Faransa kuma tun 2017 ta wajabta wa masu tallan tufafi takardar likita, ta kuma ce duk hoton talla da aka gyara siffar jiki a kwamfuta sai an rubuta an gyara shi.

Mai buƙatar rage nauyi, abin da likitoci ke ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wanda kuwa ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara ba da niyya ba, ko yake jiri, ko tunanin abinci ya hana shi sakat, ya je asibiti, ko da lambarsa na tsakiyar jadawali.