Sabon inji ba shi ke kawo sabuwar dabara ba

A Damagaram an daɗe ana cewa in kana so masana'antarka ta ƙirƙiro sabon abu, ka sayo inji daga Sin ko Kano, shi ke nan. Ni dai ban yarda ba. Sau nawa ka ga keken ɗinki sabo fil a shagon baduku a Zango, an lulluɓe shi da zane, don yaron da ya iya saita shi ya tafi?

Iya ƙirƙira a hannun ma'aikata yake taruwa, sannu a hankali. Gidan Toyoda a Japan sun kafa kamfanin ƙera injin saƙa a 1926, sai a 1937 aka kafa kamfanin motocin Toyota. Gwanintar zubin ƙarfe da auna sassa daidai suka taho da ita. A 1951 kuma suka buɗe wa kowane ma'aikaci ƙofar kawo shawarar gyara.

Baduku ma haka. In an dawo da jaka hannunta ya tsinke, mai hankali yakan tara yaransa su duba: zaren ne, jimar ce, ko ɗinkin? Sai ya gwada wani zare a jaka uku kafin ya canza sauran.