Tiyatar ciwon dajin tayirod

Tiyatar ciwon dajin tayirod aiki ne da likitoci ke yi a gaban wuya domin cire rabin tayirod ko cire ta baki ɗaya, bayan gwaji ya tabbatar da daji a cikinta ko ya sa an yi zarginsa. Ita ce babbar hanyar maganin wannan cuta, kuma yawancin waɗanda aka yi wa ita a kan lokaci suna warkewa.

Tayirod wata 'yar gaɓa ce mai siffar malam-buɗe-littafi, tana kwance a kan bututun iska, ƙasa da zakaran wuya. Nauyinta a jikin babba gram 15 zuwa 25 ne. Tana ɗibar aidin daga abinci ta haɗa sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, zafin jiki, ƙiba da kuzari. Kumburinta shi ne maƙoƙo. Galibin maƙoƙo ba daji ba ne. Ƙarancin aidin ne ya fi kawo shi, shi ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun farkon shekarun 1990. Cikin ƙullutan da ake samu a tayirod, kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ne kaɗai ke zama daji. Cutar ta fi kama mata, kusan ninki uku na maza.

Ire-iren cutar

Wanda ya fi yawa shi ne papilari, kimanin kashi 80 cikin ɗari a duniya. A hankali yake girma, yakan bi kaluluwar wuya, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shi suna nan da ransu bayan shekara goma. Sai folikula, wanda ya fi bin jini zuwa huhu ko ƙashi, kuma rabonsa ya fi yawa a yankunan da aidin ya yi ƙaranci. Medulari ba shi da yawa, wani lokaci ana gadonsa, don haka akan gwada 'ya'ya da 'yan uwan mai shi. Na ƙarshe, anafilastik, bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, ya fi kama tsofaffi, kuma shi ne mai saurin kisa. Raɗi mai ƙarfi, wato haske mai ratsa jiki irin na nukiliya, idan ya sami wuyan yaro yana ƙara haɗarin cutar, kamar yadda aka gani a yaran yankin Canobil na ƙasar Yukren bayan haɗarin nukiliya na 1986.

Gano cutar

Likita yakan tsaya a bayan majiyyaci, ya ɗora yatsunsa a gaban wuya, ya miƙa masa ruwa ya ce ya kurɓa. Ƙullutun da ke cikin tayirod yakan hau sama tare da haɗiya, ya sauko. Daga nan sai gwajin jini na TSH, sinadarin da ke nuna yadda tayirod ke aiki, da hoton sikanin na wuya. Idan hoton ya nuna abin tuhuma, sai a sa siririyar allura a zuƙo ƙwayoyin ƙullutun a duba su a ɗakin gwaji. Ana yin wannan a 'yan mintuna, ba a kwantar da mutum. Sai dai allura ba ta iya rarrabe dajin folikula da ƙari mara illa mai kama da shi. Dole a cire rabin tayirod a duba naman. Wannan ya sa wasu ke shiga ɗakin tiyata ba tare da sun san tabbas daji ne ko ba daji ba, kuma idan sakamako ya fito akan mayar da wasu a cire ragowar.

Alamomin da ke sa likita hanzari su ne ƙullutu mai tauri da ba ya motsi, saurin girma, dishewar murya da ta ƙi tafiya, wahalar haɗiya ko numfashi, da kaluluwa a gefen wuya.

A Kano abin da ya fi cutar da masu wannan lalura shi ne jinkiri. Ƙullutun ba ya ciwo, hijabi yana rufe shi, mace takan yi shekaru tana shafa magani ba wanda ya gani sai 'yar uwarta. Ga kuma maganar da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ba ta da tushe. Abin da ya jawo ta shi ne yadda ake kai marasa lafiya asibiti bayan cuta ta gama yaɗuwa, in sun rasu sai a ɗora wa wuƙar likita. Tsaga ko sakiyar wanzami a kan maƙoƙo kuwa haɗari ce ta gaske, domin wurin cike yake da jijiyoyin jini.

Shiri da aikin kansa

Ana yin wannan tiyata a manyan asibitocin birnin Kano, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda aka kafa a 1988 kuma mutanen gari ke ce wa Asibitin Malam, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Kafin ranar aiki akan gwada jini, a tabbatar sinadarin tayirod bai yi yawa ba, a leƙa maƙogwaro da na'ura a ga yadda igiyoyin murya ke motsi. Likitan sa barci zai tambayi duk maganin da mutum ke sha, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini. Na gargajiya ma a faɗa, ba abin kunya ba ne. Akan daina cin abinci aƙalla awa shida kafin aiki. Akan kuma nemi dangi su ba da jini a ajiye, ko da yake ba kasafai ake buƙatarsa ba. Takardar amincewa majiyyacin ne da kansa ke sa mata hannu idan baligi ne mai hankali. Shawara da miji ko iyaye abu ne da aka saba, amma bai kamata ta cinye watanni ba.

Ana sa mutum barci gaba ɗaya. Likita yakan yanka a gicciye a ƙasan wuya, a kan layin da fata ta riga ta naɗe, domin tabon ya ɓoye idan ya warke. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku. Idan ƙarin ƙarami ne kuma bai fita daga gefe ɗaya ba, cire rabi na iya wadatarwa. Idan babba ne, ko yana gefe biyu, ko ya kai kaluluwa, sai a cire duka, a haɗa da kaluluwar da ta kamu. Galibi akan sallami mutum bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Haɗura

Ƙwarewar likitan tiyatar tayirod tana bayyana ne a abin da ya bari, ba abin da ya cire kaɗai ba. A bayan tayirod, hagu da dama, akwai jijiyar da ke motsa igiyoyin murya. Idan ta bugu murya takan dishe na makonni ko watanni. Dishewa ta dindindin kimanin mutum ɗaya cikin ɗari take samu a hannun ƙwararre. Akwai wata jijiyar ta sama wadda ke ba murya damar ɗagawa. Mai ciniki a Kantin Kwari ba lalle ya lura da rauninta ba, amma ladan, alaramma ko malamar Islamiyya za su lura tun ranar farko. Duk wanda muryarsa ce sana'arsa ya faɗa wa likita kafin a shiga.

Manne da bayan tayirod kuma akwai wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu, paratayirod, masu riƙe ma'aunin kalsiyam a jini. Idan suka jigata, kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mutum yakan ji kamar kiyashi na yawo a leɓunansa da kan yatsunsa, wani lokaci hannu ya ƙage. Ƙwayar kalsiyam da bitamin D ke gyara shi, kuma a yawancin mutane yakan wuce. Haɗarin da ba ya jira shi ne taruwar jini a cikin wuya, galibi a awa 24 na farko. Mai jinya da ta ga wuya na kumbura, numfashi na sarƙewa, ta kira nas nan take ko da tsakar dare ne.

A tsakiyar ƙarni na 19 wannan aiki yana kashe kusan mutum huɗu cikin goma. Theodor Kocher, likitan birnin Ban na ƙasar Suwizalan, shi ya sauko da mace-macen ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Shi ne kuma a 1883 ya ba da rahoton cewa waɗanda ya cire wa tayirod duka suna zama masu kasala, kumburi da sanyin tunani. Maganin da ke hana wannan shi ne ake sha a yau.

Bayan tiyata

Wanda aka cire wa tayirod duka zai sha ƙwayar lebotayiroksin, mai maye gurbin sinadarin tayirod, kullum har ƙarshen rayuwarsa. Cikin waɗanda aka cire wa rabi ma wasu suna buƙatarta. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ba a kora ta da koko ko shayi mai madara, kuma a bar awa huɗu tsakaninta da ƙwayar kalsiyam ko ta ƙarin jini. A watan azumi wasu kan sha kafin sahur da rabin awa, wasu kuma lokacin kwanciya idan an yi awanni da cin abinci. Zafi na rage mata ƙarfi, don haka a bazarar Kano ba a barin ta cikin mota ko bakin taga. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Bayan mako shida zuwa takwas akan sake gwada TSH a daidaita adadin. Mace tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya, amma da zarar ta ga ɓatan wata ta koma wurin likita, domin adadin yakan buƙaci ƙari.

Wasu, ba kowa ba, akan ba su aidin mai raɗi bayan an cire tayirod duka, ya bi jini ya ƙone ragowar ƙwayoyin cutar. Ana yin wannan a sashen maganin nukiliya na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, don haka iyali su sa kuɗin tafiya da masauki cikin lissafi. Ba a ba mai ciki, mai shayarwa sai ta yaye, kuma akan jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa shekara. Na 'yan kwanaki mutum yakan kwana shi kaɗai, ya nisanci yara da masu juna biyu. Dajin medulari da anafilastik ba sa jin wannan magani.

Bibiya takan ɗauki shekaru, da sikanin na wuya da gwajin tayiroglobulin a jini, wani furotin da tayirod kaɗai ke yi. Idan an cire ta duka ya kamata ya kusan ɓacewa. In ya fara hawa, akan nemi inda cutar ta dawo, galibi a kaluluwar wuya, a sake cirewa.