Icen da ka raina a gonarka, na wa ne?

Jiya a kasuwa wani dattijo daga wajen Gidan Rumji ya tare ni, ya ce ɗana, in na bar gawo ya girma cikin gonata, ranar da na buƙace shi ƴan gandun daji ba za su ci ni tara ba? Wallahi sai na tuna babanmu Allah ya jiƙan shi, duk sassabe sai ya bi kututture ɗaya-ɗaya ya sare tohon ƙasa-ƙasa ya sa wuta, yana cewa gara a kashe shi tun yana ƙarami da ya girma ya zama na gwamnati. Kuma ba laifinshi ba ne, haka tsohuwar dokar daji ta 1974 ta sa mutane suka ɗauka, icen na hukuma ne, kai naka wahala.

To abin ya canza. Dokar daji da ake aiki da ita yanzu a Nijar ita ce mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004, sannan ran 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri musamman kan sassaben zamani, wato wannan aikin da ake zaɓen toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo, a datse sauran, a bar su su miƙe. A nan Maradi abin ya faro wajen 1983, lokacin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, manomanmu suka ɗauki aikin suka kai shi inda Tony bai taɓa zato ba, har aka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar nan. Je ka Dan Saga ta wajen Agye ka gani da idonka.

Abin da ƙudurin ke cewa a taƙaice, icen da ka raina da hannunka cikin gonarka kai ne mai haƙƙin cin amfaninshi. Reshen da ka datse, ganye, ƴaƴa, makamashin girki, duk naka ne, kuma wani ba shi da ikon shigowa ya sara ba da yardarka ba.

Amma fa a kula, nan ne mutane ke faɗawa. Akwai itatuwan da doka ta ba kariya ta musamman, irin su gawo, kuka, tsamiya, aduwa. Gyaran reshe daban, kayar da icen gaba ɗaya daban. In kayarwa za ka yi, je ka ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarka ka nemi izini tukun, ko da kai ka raine shi tun yana kamar tsinke. Ni ban ga aibun wannan ba, don gawo ɗaya shekaru nawa yake ɗauka, ga shi da damina yake zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ƴaƴanshi su ceci awaki. Haka in itace za ka loda a amalanke ka kawo birni saidawa, wannan kasuwanci ne, sai da takarda.

Abin da ke ci mani rai shi ne masu saran dare. Bara wani ya shiga gonarmu ya kwashe kalgo shida da mamanmu ta ɗaura ma tsumma don a gane an raine su, da safe sai ɓawo da sawun jaki muka tarar, ta tsaya ta yi shiru. Da can sai dai a ce Allah ya isa, yanzu kana da hujja, ka kai ƙara wurin mai gari da kwamitin filaye na gari, su kira ma'aikacin gandun daji ya zo ya ga kututturen tun saran yana ɗanye.